Malbec ko Shiraz: wanne zaka ɗora a tebur in akwai nama da yaji

Ranar wata Asabar da yamma ina tsakiyar aiki ƙanwata ta kira ni daga wani babban shago a Jos, ko gaisuwa bamu ƙarasa ba ta ce "Yaya don Allah taimake ni, ga kwalaben ruwan inabi iri biyu a gabana, ɗaya an rubuta Malbec ɗaya Shiraz, kuɗinsu kusan ɗaya, dukansu ja ne wur har ya koma baƙi, mai shagon ma ya ce duk abu ɗaya ne, wanne zan ɗauka?" Liyafar ritayar Kawunmu ake shiryawa, mutum kamar arba'in a tsakar gida, an sayi rago da akuya, an kira mai gashi zai zo ya gasa a wurin. Nace mata mai shago so yake ki biya ki tafi, ba abu ɗaya bane ko kaɗan, in sauri kike ki ɗauki Malbec da yawa ki haɗa da Shiraz kaɗan. Ta ce to me ya sa? Lokacin baƙi sun cika min tebur shida, nace zan miki bayani daga baya. Bayanin ne wannan, kuma tunda na san ba ita kaɗai ke tsayawa gaban kantar shago tana zare ido ba musamman in Kirsimeti ta matso, gara kowa ya karanta.

Shekarata goma sha ɗaya ina aiki a ɗakin cin abinci na wani otal a Abuja, buɗe kwalba da zubawa da amsa tambayar baƙo shine aikina. Abokaina musulmi na san wannan ba taku bace, addini ya hana, ba kuma gayyata nake yi ba, ai ko a wajenmu coci-coci da yawa basu yarda da sha ba, mahaifiyarmu har yau ko ɗanɗanawa bata yi. Da waɗanda suke sha nake magana, da kuma masu irin aikina da basa sha amma dole baƙo ya tambaye su su bashi amsa mai ma'ana.

Abu na farko da yake ruɗa mutanenmu, sunayen nan ba sunan kamfani bane, sunan irin inabin ne. Kamar yadda zaka ce mangwaro Binta Suga daban Fafaranda daban, kowanne da ƙamshinsa da naman jikinsa, haka Malbec da Shiraz suke, kamfani ɗari na iya matsa kowanne. Kuma ba irin inabin da ake sayarwa a tire a bakin titi bane, wancan na ci ne, manya masu ruwa, fata siririya. Na matsawa ƙanana ne, cike da ƙwallo, fatar da kauri, kuma duk launin da kake gani a kofi daga fatar yake fitowa, don ruwan cikin kansa fari ne, sai an bar shi ya jiƙa da fatar kwana da kwanaki yake rinewa. Daga fatar nan da ƙwallon kuma baurin yake zuwa, wannan da yake kama maka dasashi da harshe kamar ka tauna ɗanyen goro ko ka bar ganyen shayi ya daɗe a ruwa. Ka riƙe maganar baurin nan don a kanta rabin zaɓin yake.

Na biyu, wanda yafi jawo min rigima da baƙi: in aka ce maka wayin yana da ƙamshin 'ya'yan itace ba ana nufin yana da zaƙi bane. Sikarin da ke cikin inabin yis ya cinye shi ya maida shi barasa, abin da ya rage ƙamshi ne kawai, hancinka zai ce maka zaƙi na zuwa harshenka ya jira shiru. Mu kuwa yawanci da mai zaƙi muka saba, irin su Four Cousins da ake ɗorawa a babban tebur a biki, to mutumin da ya saba da wannan in ka miƙa masa Shiraz zai kurɓa ya yamutsa fuska ya ce an cuce shi ko ya lalace. Bai lalace ba. In kasan baƙinka zaƙi suke so, duk biyun nan ka bar su a kanta ka nemi wanda aka rubuta sweet red a jiki, kuɗinka ya huta kaima ka huta.

To Malbec. In ka zuba shi ka ɗan karkata kofin kan farin faranti zaka ga tsakiyar baƙi ƙirin, gefen kuma shuɗi-shuɗi ja kamar zobon da aka dafa da yawa bai sha ruwa ba. Ƙamshin, ni abin da yake tuna min shine ɗinya nunanniya, wadda ta yi baƙi ta yi laushi, wani lokaci da ɗan cakulan a bayanta in an ajiye shi a gangar katako. Baurinsa akwai amma mai laushi ne, baya kankare baki, ya shiga ya cika baki ya wuce, masu araha ma da ka haɗiye shi kenan ba ya daɗewa a maƙogwaro. Wasu suna ganin wannan aibi ne, ni a wajen taro ina ganinsa alheri, don babu wanda zai tsaya yana faɗa da kofinsa.

Asalinsa ɗan Faransa ne, daga kudu maso yamma wajen wani gari Cahors, can ma Côt suke kiransa. A gida bai ji daɗi ba, inabi ne mai saurin kamuwa da sanyi da ruɓa in damina ta yi yawa, sanyin 1956 ya kashe da yawa a Bordeaux manoma suka ƙi sake dasa shi. Wanda ya kai shi Ajantina wani masanin noma ne Bafaranshe, Michel Pouget, a 1853, bisa ƙoƙarin Domingo Sarmiento wanda daga baya ya zama shugaban ƙasar, shi ya sa duk 17 ga Afrilu suke bikin ranar Malbec. Yanzu mafi yawan Malbec na duniya a Ajantina yake, sama da hekta dubu 40, galibi a lardin Mendoza a gindin duwatsun Andes. Abin da ya bani sha'awa dana karanta labarin wurin, gonakinsu na Luján de Cuyo da kwarin Uco suna tsakanin mita 900 zuwa 1,500 a sama, Jos kuwa wajen mita 1,200 take, wato tsayinmu ɗaya da su. Amma kar wani ya ruga ya sari fili a Vom, don mu damina ce ke jiƙa mu, su kuwa hamada ce, ruwan saman da suke samu a shekara wajen milimita 200 ne, ko rabin na Sakkwato bai kai ba, noman rani suke yi zalla da ruwan ƙanƙarar da ke narkewa daga kan duwatsu, ga kuma hunturu na gaske da itacen ke bacci a cikinsa. Rana mai ƙarfi a can sama ita ke sa fatar inabin ta yi kauri launi ya yi duhu, dare kuma ya yi sanyi ya riƙe ɗan tsamin da ke hana abin ya zama kamar madi. Babban abin tsoronsu ƙanƙarar sama ce, har raga suke shimfiɗawa kan gonaki.

Amfanin wannan duka gare ka mai saye shine tabbas. In kwalba ta ce Malbec ta ce Mendoza, ko mai araha ce ko mai tsada kusan kasan abin da zaka tarar a ciki. Inda zaka yi hattara ɗaya ne, in ka ga Cahors a jiki, inabin ɗaya ne, dokarsu ma ta ce aƙalla kashi 70 ya zama Malbec, amma wancan yafi bauri yafi tauri, ƙamshin ɗinyar ya ja baya, ba shi nake nufi ba kuma da wuya ma ka gan shi a shagunanmu.

Shiraz kuwa ɗan rigima ne, tun daga sunan. Shiraz da Syrah inabi ɗaya ne, Faransawa ke cewa Syrah, mutanen Ostireliya suka maida shi Shiraz, 'yan Afirka ta Kudu kuma kowanne suka ga dama suke rubutawa. Shekara da shekaru ana ba da labarin wai daga birnin Shiraz na Iran aka kawo shi, ni kaina na sha faɗa wa baƙi haka don labarin yana da daɗin faɗi ana ƙara min ɗan ihsani, sai da na gano a ƙarshen shekarun 1990 masu binciken ƙwayoyin halitta, Carole Meredith ta jami'ar Kalifoniya a Davis da abokan aikinta na Montpellier, sun nuna iyayensa wasu inabi biyu ne na ƙauye a kudu maso gabashin Faransa, Dureza da Mondeuse Blanche. Tun daga nan na daina. Gidansa na asali arewacin kwarin Rhône ne, su Hermitage da Côte-Rôtie, James Busby ne ya kai reshensa Ostireliya a 1832, kuma a kwarin Barossa kusa da Adelaide har yau akwai itatuwan da aka dasa a 1843 suna ba da 'ya'ya, don ƙwaron da ya cinye saiwar inabin Turai a ƙarni na 19 bai taɓa shiga jihar da kwarin yake ba.

A baki yafi Malbec nauyi, yafi shi bauri, yafi shi daɗewa bayan ka haɗiye. 'Ya'yan itacen suna nan, baƙaƙe, amma akwai wani abu a kansu, masoro. Ba kwatance nake yi ba fa, a 2008 wata cibiyar binciken wayin a Adelaide ta gano sinadarin, rotundone sunansa, shine dai wanda ke cikin baƙin masoron da ake barbaɗawa a abinci, kuma suka gano kusan mutum ɗaya cikin biyar hancinsa baya jin sa sam. Wannan ya warware min wata tsohuwar gardama da wani abokin aikina, shekara biyu ina cewa ga masoro yana cewa ƙarya nake ina kwaikwayon Turawa ne kawai, ashe kowa gaskiyarsa yake faɗi. Wasu kuma musamman na Faransa da na Afirka ta Kudu suna da ƙamshin hayaƙi kamar ka wuce inda ake banda.

Matsalarsa ita ce baka san wanda zaka samu ba sai ka karanta kwalbar da kyau. Inda ake zafi kamar Barossa inabin yana nuna sosai, masoron ya ragu, ya fito da kauri kamar an dafa 'ya'yan itace, barasa ta haura kashi 14.5 har 15 cikin ɗari. Inda ake sanyi masoron ya fito fili, jiki ya ragu, tsami ya ƙaru. Yawanci in mai gona ya rubuta Syrah yana nuna maka salon Faransa ya bi, in ya rubuta Shiraz mai kaurin ne, amma ba doka bace al'ada ce kawai. A kantunanmu wanda zaka fi cin karo da shi na Afirka ta Kudu ne, Stellenbosch ko Paarl ko Swartland ko kawai a rubuta Western Cape, sai na Ostireliya masu araha da aka rubuta South Eastern Australia, waɗannan na ƙarshen an haɗo inabin ne daga wurare da yawa, masu laushi ne har da ɗan zaƙi-zaƙi a wasu, basu da alaƙa da manyan Barossa sai suna. Kenan Shiraz biyu a kanta ɗaya kan iya bambanta da juna fiye da yadda ɗayansu ya bambanta da Malbec.

Yanzu abinci, wanda shine ainihin maganar, don babu wanda ke shan waɗannan da cikin wofi sai mai neman ciwon kai.

Ka'ida biyu na koya da bakina ba a littafi ba. Kitse da gishiri suna kwantar da bauri. Barkono kuma yana tayar da shi, barasa ita ma tana ƙara wa barkono wuta, shi ya sa in ka ci abu mai yaji ka bi shi da wayin mai ƙarfi sai kaji kamar ka watsa kananzir a murhu. Duk littafin da Bature ya rubuta yana cewa jan wayin da jan nama, bai san namanmu baya zuwa shi kaɗai ba, da yaji yake zuwa a ƙunshe a takarda.

Balangu, na rago mai kitse da romonsa da albasa, wannan gidan Malbec ne. Ba abin mamaki bane, mutanen Ajantina abin da suke ci da shi kenan, naman sa a kan garwashi da gishiri kawai, asado suke ce masa, in ka cire yajin da muke dangwala balangu ne sak. Kitsen ya rufe ɗan baurin, tsamin ya wanke baki, ka sake kai hannu. Shiraz ma yana tafiya da balangu, har in naman ya sha hayaƙi sosai ya ɗan ƙone a gefe ni nafi son sa, hayaƙi ya haɗu da hayaƙi, amma da sharaɗin ka rage dangwalar yajin.

Tsire ya ɗan fi wuya saboda ƙuli-ƙuli da citta da barkono duk suna jikin naman, ba zaka iya cire su ba. Anan na gwada sau ba adadi, in yajin mai sauƙi ne wanda ƙulin yafi yawa, Shiraz na Afirka ta Kudu yana yin abin mamaki, masoronsa ya shiga cikin yajin kamar dama tare aka daka su. In mai tsiren irin masu hannu da nauyi ne, barkono har kana share hawaye, Shiraz zai zama azaba, ɗaci ne zai fito, Malbec mai sanyi zaifi haƙuri da kai duk da shima ba daɗi zaka ce ba. Kilishi haka, kuma kilishi yana da nasa ɗan zaƙin da ke sa kowane wayin marar zaƙi ya ji kamar ya ƙara tsami. Mutanen Afirka ta Kudu suna cin busasshen namansu biltong da jan wayin, amma nasu babu barkononmu, kar a ruɗe ka da wannan. Dambun nama kuwa, wanda bai cika yaji ba, da kowanne yana tafiya, na fi ba Malbec.

Farfesun kayan ciki ko na kan akuya, gaskiya ka ajiye kofin ka sha ruwa, ka gama ka dawo. Ruwa ne mai zafi da attaruhu, babu kitsen da zai tare maka komai. Dafa-duka da soyayyen nama, Malbec, saboda tumatir yana son abu mai ɗan tsami marar bauri da yawa. Kifi kar ka soma, tarwaɗa ce ko karfasa, da duk biyun wani ɗanɗanon ƙarfe ne zai fito maka kamar ka lashi cokali. Tuwo da miyar kuka ko kuɓewa mai daddawa, na taɓa gwadawa don neman magana, ban sake ba.

Kaga kenan in ka lissafa abin da ake ci a taronmu, Malbec yana wucewa lafiya a wurare da yawa, Shiraz yana cin nasara babba a wuri biyu ko uku ya faɗi warwas a sauran. Shi ya sa nace wa ƙanwata abin da nace. In don kaina zan saya, mu biyu ko uku a zaune da cinyar rago da ni na sa mata yaji da hannuna, Shiraz zan ɗauka ba tare da tunani ba, yafi abin faɗi, kofi na biyu ba kamar na farko ba don yana buɗewa in ya sha iska. Amma mutum arba'in da ban san bakinsu ba, da mai gashin da ban san hannunsa ba, bazan yi caca da kuɗin Kawu ba.

Sai maganar ƙarfi, wadda mutane ke rainawa don abin yana zuwa a kofi mai ƙafa kamar na 'yan gayu. Malbec yawanci 13.5 zuwa 14.5 ne cikin ɗari, Shiraz daga nan zuwa 15. Yi lissafi da kanka, kwalba mil 750 ce, in kashi 14 ce akwai zallar barasa mil 105 a ciki, babbar kwalbar biya mai mil 600 da kashi 5 kuwa mil 30 ce, kenan kwalba ɗaya ta wayin biya uku da rabi ce. Na sha ganin dattijon da ya san iyakarsa biya biyu ya zauna ya shanye kwalba shi kaɗai yana cewa ai ruwan inabi ne, tashi ya gagara. Kwalba ɗaya kofi biyar ce, ta mutum biyu ko uku ce tare da abinci, wanda zai tuƙa mota kuma a bashi zobo, mai ciki ma haka. Kuma in zaka yi tafiya da shi ka san jihar da zaka ratsa, inda ake shari'a kamar Kano Hisba kamawa take ta fasa.

Zafi shine babban abokin gabar duka biyun a ƙasar nan. An ce jan wayin ba a sa shi a firij, a sha shi da yanayin ɗaki, to ɗakin wa? Ɗakin Bature ake nufi, digiri 16 zuwa 18, wanda a wajenmu sai dai Jos da asuba a watan Disamba. A Abuja a watan Maris kwalbar da ke kan tebur ta wuce digiri 30, a haka barasar ce kawai ke hawa hanci, ƙamshin ɗinya da masoro duk sun gudu, kuma Shiraz yafi shan wahala tunda yafi ƙarfi. Ka sa a firij minti talatin zuwa arba'in kafin a buɗe, in ba wuta bokitin ruwa da ƙanƙara ya isa, amma kar ya yi sanyi ƙarara kamar lemo don sanyi mai yawa yana ƙara fito da bauri, nan kuma Malbec yafi jurewa. Masu zuba Coke a ciki bana musu faɗa, a Sifen ma suna yi har suna gare shi, roƙona kawai su yi da mai araha. In an buɗe ba a shanye ba a toshe a maida firij, kwana biyu zuwa uku, bayan nan sai dai a zuba a miyar nama.

Wajen saye ma zafin ne. Na taɓa sayen Shiraz mai ɗan tsada a wani shago da ya jera kwalabe a jikin gilashi rana na dukansu tun safe, na kai gida na buɗe sai warin dafaffen zabibi, launin ya koma ƙasa-ƙasa, kuɗina ya tafi. Da na duba da kyau tun a shagon da na gani, toshiyar ta ɗan turo sama kuma akwai sawun da ya zubo ya bushe a wuyan kwalbar. Ka ɗauko daga can ciki inda duhu yake. Ka duba shekara, masu araha ba a yi su don ajiya ba, wanda bai wuce shekara uku ko huɗu ba shi zaka nema, tsufa a kantin da ba sanyi ba daraja bace. Kar ka yi mamaki in ka ga shekarar da muke ciki a jikin kwalba tun bata ƙare ba, Ajantina da Afirka ta Kudu da Ostireliya duk a kudancin duniya suke, girbinsu tsakanin Fabrairu da Afrilu ne. Marfin murɗawa kuma ba alamar arha bane, mutanen Ostireliya har masu tsadarsu suna rufewa da shi, a yanayinmu ma ni nafi yarda da shi. Ga jabu, a Disamban 2023 NAFDAC ta rufe kasuwar Cemetery da ke Aba saboda masu haɗa wayin da lemo na bogi suna ɗurawa a tsofaffin kwalabe, don haka ka duba lambar NAFDAC da sunan wanda ya shigo da shi, ka duba rubutun ko ya karkace ko akwai kuskure, in kuɗin ya yi arha fiye da hankali ka ajiye. Anan Shiraz na Afirka ta Kudu yana da ɗan fifiko, yafi yawa a kasuwa yana juyawa da sauri, Malbec a wasu garuruwan sai ka sha yawo, wanda ka samu ma wataƙila ya shekara biyu yana kallon titi.

Akwai na uku da wani zai ce na manta, Zinfandel na Kalifoniya, wanda a kudancin Italiya ake kira Primitivo, inabi ɗaya ne asalinsa daga Kuroshiya. In ƙamshin 'ya'yan itace zalla kake nema ya fi su duka, baurinsa kaɗan, mai son zaƙi ma yakan karɓe shi da sauƙi, sai dai nonon inabinsa baya nuna tare, kafin na baya su nuna na gaba sun zama zabibi, sikari ya taru barasa ta kai 15 har ta wuce, da yajinmu kuwa ka san sauran. Kuma kar ka ɗauko White Zinfandel kana zaton shine, wancan ruwan hoda ne mai zaƙi marar nauyi.

Ƙanwata dai ta ɗauki Malbec takwas, Shiraz na Stellenbosch huɗu, ta ƙara da mai zaƙi shida saboda su Gwaggo, sai zobo da kunun aya cike da kula don sauran jama'a da maƙwabtanmu musulmi da suka zo taya murna. Mai zaƙin ne ya fara ƙarewa tun kafin a sauke nama, wannan dama na sani. Malbec ya tafi a hankali tare da balangu babu wanda ya ce komai a kansa, Shiraz kuwa kwalba biyu suka rage ba a buɗe ba. Da dare ya yi mutane sun ragu sanyin Jos ya sauko, Kawu ya sa aka kawo masa haƙarƙarin da ya ɗan ƙone a gefen waya, na zuba masa Shiraz rabin kofi, ya kurɓa ya yi shiru ya sake kurɓa, ya kalle ni ya ce "Ɗana, wa ya zuba masoro a cikin wannan?" Nace babu kowa Kawu, haka inabin yake. Ya ce in ɗauke sauran kwalba biyun in kai masa ɗaki kafin abokansa su gani.